Rasuwar Gwaggo, Esin Falon Mai Kunne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai jiƙe da zufa, iyalan mai gyaran esi da firijin nan na bakin titi, wanda abokan sana'a suka fi sani da Mai Kunne, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar esin falonsu, wato na'urar sanyaya ɗaki, wadda yaran gidan suka taso suna kira Gwaggo. Ta rasu ranar Asabar da ta gabata, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, a cikin tagar da ta zauna shekara ashirin da shida. Mutum takwas ne a ɗakin lokacin da ta cika, bakwai daga cikinsu masu gyaran esi ne, kuma babu wanda ya iya yi mata komai.

Maigidan ne da kansa ya rubuta wannan sanarwa, ya kuma zaɓi ya riƙa ambaton kansa kamar wani mutum dabam, domin akwai abubuwan da za a faɗa a nan waɗanda sun fi daɗin faɗa a kan wani. Ya so ya buɗe ta da kalmomin da ake buɗe ta mutane, mai ɗakinsa ta ce ya ji tsoron Allah, ƙarfe ne fa da roba. Tana da gaskiya, ya goge. Amma ta bar masa kalmar marigayiya, wai tunda ta ga kwanakin nan ba ya cikin hayyacinsa sosai.

Wanda bai san maigidan ba ba zai gane nauyin wannan rashi ba, don haka a yi haƙuri da ɗan bayani. Shekara arba'in ke nan yana sana'ar sanyi, kuma ba da kayan awo irin su geji ko mita ya yi suna ba, da kunne ya yi. Idan aka kai shi gaban esi marar lafiya, sai ya sa a kunna, ya ce kowa ya yi shiru, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin kwamfiresa, wato zuciyar na'urar, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Minti ɗaya, minti biyu, sai ya miƙe ya faɗi cutar, ya kuma faɗi ko ta gyara ce ko ta haƙuri ce. Da wannan minti biyun ya ci abinci, ya gina gida, ya yaye yaran shago da yawa waɗanda yau kowa ke da nasa shagon. In aka cire kunnen nan, abin da zai rage dattijo ne mai ciwon gwiwa da akwatin spana, kuma shi ya fi kowa sanin haka.

To shekara guda ke nan mai ɗakinsa da babbar 'yarsa, wadda ta gaji sana'ar kuma take tsaye da shi a shago, suna kewaye-kewayen wata magana, wai ya je a duba masa kunne. Ya ƙi ƙememe. Ya ce mutumin da gari ke kira Mai Kunne ba zai je ya zauna a bencin likitan kunne ba, masu kawo masa gyara suna wucewa suna yi masa sannu. Ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki idan suna magana, kowa sai ƙunƙuni. Babbar hujjarsa kuwa tana maƙale a tagar falo. Duk wanda ya yi shakkar kunnensa, ya zo ya ga na'urar da wannan kunne ya raya shekara ashirin da shida, ya kuma nuna masa wata sa'arta da ke numfashi a unguwar.

Marigayiya ba sabuwa ta zo gidan ba. Wani ofis ne ya tashi, aka fitar da kayansa waje, maigidan ya saurare ta a nan bakin ƙofa, ya ji zuciyarta tana bugawa tsaf, ya ɗauko ta a bayan a-kori-kura. Tagar falo ta yi mata kaɗan, ya fasa bango ya faɗaɗa, abin da mai ɗakinsa ba ta manta ba har yau domin labulenta na aure ne ya tafi a wannan aikin. Babbar 'yar tana da shekara shida a lokacin. Ita ce ta tsaya a gaban sabuwar baƙuwa, iska na kaɗa mata kitso, ta ce wannan tana gunaguni irin na gwaggonsu idan an taɓa mata kaya. Sunan ya bi ta, har ita gwaggon ta ainihi ta ji labari, ta yi wata biyu ba ta taka gidan ba.

Za a riƙa tunawa da ita da muryarta. Idan aka murɗa ta, takan yi ɗan jim kamar mai tunanin ko ya dace ta tashi, sannan ta ce gurrr, tak, fitilun gidan duka su rusuna mata, sai kuma ta zarce da huuummm ɗin nan nata mai kauri wanda ake ji har a tafin ƙafa. A bayanta, ta waje, ruwanta na ɗiga a tsohon bokitin fenti, ɗis, ɗis, ɗis, kuma da wannan ruwa aka raini bishiyar lemun tsamin da yanzu ta fi katanga tsawo. Ba ta san rimot ba, ba ta kuma yi sha'awar saninsa ba. Maɓallinta ya karye tun tana da ƙuruciya, aka rataye mata filaya da igiya a gefe, duk mai son sanyi ya kama ya murɗa. Baƙi sukan yi dariyar filayar nan, amma ba a taɓa ganin wanda ya tashi daga gabanta don dariyar ba.

Ta yi wa gidan hidima ba tare da nuna gajiya ba. A gabanta aka sauke zazzaɓin yara. A gabanta aka yi karatun jarrabawa, aka ci wasu, aka faɗi wasu. A gabanta aka yi sulhun aure biyu, kuma maigidan yana da yaƙinin cewa da a ɗaki mai zafi aka zauna, da ko ɗaya bai gyaru ba. Mahaifiyar maigidan ta yi bazararta ta ƙarshe a kan katifa a ƙarƙashin wannan taga, lokacin da zafi ke hana ta numfashi. Takan ɗaga hannu ta ce a ƙara mata Gwaggo, sai a kama filaya a murɗa, sai ta samu barci. Maigidan bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun daga wannan shekarar ya daina kallon na'urar nan a matsayin na'ura. Yana sonta, kuma ba ya jin kunyar rubuta haka.

Ba za a ɓoye aibinta ba, domin an san ta. Tana shan wuta sha na rashin tausayi, idan tana aiki ba a guga, ba a kunna tukunyar lantarki, kowa sai ya jira ta. A shekarun baya-bayan nan sanyinta ya ja da baya, har ya zama sai wanda ke kujerar da ke daf da ita ne yake shaida shi, kuma kujerar ta maigidan ce. Ta sha wuƙa a hannunsa fiye da kowace na'ura a garin. An canja mata kapasita sau huɗu. Injin fankarta na wata ne da ta riga ta gidan gaskiya, murfin gefenta ya ɓata tun wani gyara da ba a tuna shekararsa, bututunta kuwa walda a kan walda. Babbar 'yar ta taɓa cewa in aka mayar wa kowace mamaciya kayan da aka aro mata, abin da zai saura na Gwaggo bai wuce lambar kamfani ba.

Abin da ya sa wannan ya zama abin kunya shi ne, a duk masu sana'ar babu wanda ya kai maigidan saurin yanke wa na'urar wani hukunci. Yakan ce wa mutane esin da ta zo shago sau uku a bazara ɗaya ba gyara take nema ba, hutu take nema. Yakan ce musu babu na'urar da ke mutuwa ba ta ba da sanarwa ba, kuma sanarwar ƙarshe wani siririn kuka ne mai tsini da ke fita daga kwamfiresa, wanda ya ji shi ya kashe ta ya fara neman wata. Ya taɓa faɗa wa wata mai kantin magani haka a kan esin da mijinta ya bar mata, ta yi hawaye, ya ba ta haƙuri da bakinsa amma a ransa yana mamakin mai hankali da ke kuka saboda ƙarfe. Yana neman afuwar wannan baiwar Allah a bainar jama'a.

Ciwon ajali ya kama marigayiya wata huɗu da suka wuce. Wannan lissafin na mutanen gida ne, domin shi maigidan a lokacin abin da ya lura da shi dabam ne. Ya lura muryarta ta yi laushi. Ƙananan ƙorafe-ƙorafen nan da takan yi, ƙis-ƙis da cir-cir, duk sun ɗauke, sai huuummm ɗin kawai ya rage, mai santsi, mai natsuwa. Ya ji daɗi ƙwarai, ya danganta abin da wani mai da ya ɗiga mata, har ya yi wa masu sayar da man talla kyauta a shago. A gaskiya kuwa Gwaggo ta fara wannan siririn kukan ne mai tsini, wanda shi da kansa ya koya wa rabin garin ganewa, tana yinsa tun daga murɗa filaya har a kashe ta. Kunnen maigidan ya daina kama sauti mai tsini, mai kauri kawai yake ɗauka, shi kuwa bai sani ba.

Alamu sun zo masa har gida, ya yi musu fassarar da ta yi masa daɗi. Mai ɗakinsa ta kwashe ɗinkinta daga falo ta koma barandar baya, cikin zafi, ya ɗauka fushi take yi, ya yi kwana uku yana binciken laifinsa, da bai samu ba ya sayo mata turare. Kyanwar gidan, wadda ta shekara bakwai tana barci a ƙarƙashin tagar, ta yi ƙaura zuwa kicin, ya ce tsufa ne. Maƙwabcinsu mai aski, wanda tagarsa ke kallon bayan Gwaggo, ya tare shi a ƙofar gida wata safiya, ya yi doguwar magana yana nuna bangon da hannu yana taɓa kunnensa. Maigidan bai kama ko rabin zancen ba, amma ya ga ana nuna esinsa ana nuna kunne, sai ya gane yabo ne. Ya yi murmushi, ya ce ai baiwa ce daga Allah, ya yi godiya ya wuce. Mai askin bai sake gaishe shi da fara'a ba.

Nan ya kamata a faɗi wata dabara da maigidan ya ƙware a kanta a 'yan shekarun nan, ba tare da ya taɓa zama ya amsa wa kansa cewa dabara ce ba. Idan aka yi masa magana bai ji ba, ba ya cewa a maimaita. Yakan duba fuskar mai maganar, in ya ga alamar dariya ya yi dariya, in ya ga alamar damuwa ya girgiza kai ya ce sai haƙuri, in fuskar ba ta nuna komai ba ya ce haka ne. Da wannan ya amince da abubuwa da yawa da bai san su ba. Da wannan ya taɓa cewa haka ne lokacin da surukinsa ke tambayarsa ƙarfe nawa.

A shago ma abubuwa sun canja, ya ga canjin, ya ba shi wani suna. Masu kawo gyara suka koma zuwa da tsakar rana, daidai lokacin da yake tafiya gida cin abinci, ya ce cunkoson titi ne ya sauya wa mutane lokaci. Sannan 'yarsa, wadda tun tana ƙarama ba ta taɓa ɓatar da ko allura ba, ta zama mai mantuwa. Duk gidan da suka je aiki tare, ya saurari na'ura ya yanke hukunci suka fito, ba za su yi nisa ba sai ta dafa jaka ta ce ta manta spana, ya jira ta a mota. Takan yi minti ashirin, wani lokaci fiye. Ya yi mata faɗa a kan wannan ba sau ɗaya ba, ya ce mai gyaran da ba ya riƙe kayan aikinsa ba zai riƙe shago ba, kuma shi bai ga ranar da zai iya sakar mata ragama ba in haka za ta ci gaba. Takan sunkuyar da kai ta ce za ta kiyaye. Sau ɗaya ta taɓa ce masa Gwaggo na bukatar a duba ta da geji, ya yi mata lacca ta rabin awa a kan 'yan zamani da ba sa iya sanin ruwa ya tafasa sai sun ga lamba.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, tsofaffin yaran shagonsa biyar ne suka haɗa baki suka zo gaishe shi, saboda shagon ya cika shekara arba'in. Yara a bakinsa kawai, domin babbansu, wanda ake kira Dogo, furfura ta cinye masa gemu, kuma motar da ya zo da ita ba ta shiga lungun ba. Mai ɗakin ta yi girki, 'yar ta rufe shago ta zo taya ta. Tun da safe su biyun suka yi ta lallaɓa maigidan a shimfiɗa tabarma a inuwar lemun tsami, wai iskar waje ta fi. Ya ce baƙinsa masu sana'ar sanyi ne, ba za su zo gidan malaminsu su zauna a waje kamar masu jiran mota ba. Ya kama filaya da hannunsa ya murɗa. Gurrr, tak.

Ya ga yadda suka shigo. Kowannensu da ya sako ƙafa sai ya ɗan tsaya, ya kalli taga, ya kalli na kusa da shi, sannan ya durƙusa ya gaishe shi. Zuciyar maigidan ta yi fari, ya ce a ransa yaran nan ba su manta da Gwaggo ba. Ya lura suna magana da ƙarfi fiye da yadda ya san su, ya ji daɗin hakan ma, domin rabon da ya ji hira tsaf irin wannan an daɗe, ya ce lallai wanda ya koya wa sana'a ya koya masa buɗe baki. Aka ci, aka sha, aka tuna da. Sai farin ciki ya ɗebe shi, ya aika a ɗauko masa doguwar sukundirebarsa, ya ce bari ya tuna musu yadda ake yi, tunda ya ji labari yanzu duk sun koma bin allurar geji.

Ya miƙe da ƙyar saboda gwiwa. Ya ɗaga hannu a yi shiru, aka yi. Ya zura sukundireba ta gefen da babu murfi, ya manna kunne, ya lumshe ido, ya ba ta cikakken minti biyunta. Ya ji bugun nan mai kauri da ya sani shekara ashirin da shida yana ratsa ƙashin kansa, ya ji ƙauna ta cika masa ƙirji. Ya juyo ya fuskanci ɗalibansa.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Wannan za ta ƙara shekara biyar, in ba ta fi ba."

Mutum biyar da ya koya wa sauraro da bakinsa da hannunsa, wani lokaci da ranƙwashi, suka sa ido a kan kwanukan gabansu. Mai ɗakinsa ta tashi ta fara kwashe kofunan da ba a gama sha ba. Can Dogo ya ce Allah ya ƙara wa Maigida lafiya, sauran suka ce amin. Maigidan ya koma kujerarsa yana jin kansa kamar ɗan shekara talatin.

Ba a yi minti goma sha biyar ba wari ya fara, warin wayar da ta ƙone, wanda ko marar sana'a ya san shi. Marigayiya ta yi wata irin girgiza da ta motsa gilashin taga, ta ce gau, wutar gidan ta ɗauke, wani baƙin hayaƙi siriri ya fito ta gefenta ya bi silin. 'Yar ta riga kowa isa, ta zare filogi. Aka buɗe ƙofa da tagogi. Maigidan ya tsaya a gaban gawar, ya dafa ta, ya ji zafinta, ya kuma yi abin da ya fi komai ba shi kunya idan ya tuna. Ya juya ya yi wa ɗalibansa darasi. Ya ce su shaida, yau sun ga abin da bai taɓa gani ba a shekara arba'in, na'ura ta mutu farat ɗaya ba tare da ta ba da sanarwa ba.

'Yarsa tana tsaye da filogi a hannu. Ta matso daf da shi, ta tsaya inda zai ga bakinta, ba ta ɗaga murya sosai ba.

"Baba, ta bayar. Wata huɗu tana kuka."

Ya dube ta, ya dubi uwarta da ke bakin ƙofa riƙe da faranti. Sannan ya dubi Dogo, domin Dogo bai taɓa iya yi masa ƙarya ba tun yana yaro, ya tambaye shi ko shi ma ya ji.

"Tun daga bakin lungu, Maigida," in ji Dogo, kansa a ƙasa.

Maigidan yana so ya rubuta cewa ya karɓi wannan magana da dattaku, amma akwai shaidu. Ya yi fushi. Bayan baƙi sun sulale ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a falo mai zafi ya ɗora wa kowa laifi. Ya ce an haɗa baki an bar shi ya tozarta a gaban yaransa, gida cike da mutane a rasa mai faɗa masa gaskiya. Mai ɗakinsa ta bar shi ya gama, sannan ta ja kujera ta zauna a gabansa. Ta ce sun faɗa a hankali bai ji ba, sun ɗaga murya ya ce ana yi masa tsawa a gidansa, sun kawo zancen likita ya yi kwana biyu ba ya cin abincinta. Ta ce wata huɗu tana ɗinki a baranda zufa na shiga mata ido saboda ta rasa yadda za ta gaya wa mijinta abin da zai karya shi, shi kuwa ya sayo mata turare. Ba ta yi kuka ba, shi ne ya kusa.

Washegari da safe shi da 'yarsa suka sauke gawar, suka buɗe ta a tsakar gida. Ba sai an yi dogon bayani ba, kwamfiresa ta ƙone ƙurmus, kuma ko makaho ya shafa ya san ba ciwon kwana ɗaya ba ne. Amma ya ga wani abu da ba aikin hannunsa ba, sabuwar waya mai kauri a inda ya san tsohuwa ce, da wani ɗan fis da aka ƙara don kada wuta ta kama gidan. Aiki ne mai tsafta, ya fi nasa tsafta. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya tambaye ta zancen spanar nan da take yawan mantawa. Ta jira ya ɗago ya kalle ta. Ta ce takan koma ne ta sa geji, in hukuncinsa ya yi daidai ta fito, in bai yi ba ta gyara, ta roƙi masu gidan kada su faɗa. Ya tambaya sau nawa bai yi daidai ba. Ta ce da farko jefi-jefi ne. Bai tambaye ta na baya-bayan nan ba, ita ma ba ta ƙara ba. Shekara guda yarinyar nan tana ɗauke da sunansa a kanta, shi kuma yana yi mata faɗan mantuwa a mota.

Marigayiya ta rasu ta bar filaya ɗaya da igiyarta, wadda yanzu ba ta da abin murɗawa. Ta bar bokitin fenti, wanda ya bushe a karon farko tun zuwansa gidan, da bishiyar lemun tsami da za ta koyi shan ruwan famfo kamar kowa. Ta bar ƙanwarta, fankar tsaye, wadda aka fito da ita daga sito ta riƙe gidan kwana huɗu tana kaɗa iska mai zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan, iyakar ƙoƙarinta ke nan. Ta bar rami mai kusurwa huɗu a bangon falo, an toshe shi da katako kafin magini ya samu lokaci. Ta bar maƙwabci mai aski, wanda aka ce ya yi barcin rana a karon farko cikin wata huɗu, kuma iyalan ba su riƙe shi da komai ba. Ta kuma bar maigidan.

Ranar Laraba aka kawo magajiyarta, fara, siririya, mai rimot, irin waɗanda ake maƙalawa can sama kusa da silin. 'Yar ce ta zaɓo ta, ita ta haƙa bango, ita ta ja bututu, maigidan ya riƙe mata tsani yana miƙa abin da ta nema. Da ta sauko ta wanke hannu, ya zauna a kujerarsa yana jira, ya jira, sannan ya tambaye ta yaushe za ta kunna. Ta ce ai tun ɗazu take aiki, ta yi sauri ta ƙara da cewa sababbin nan haka suke, ba a jin su sam. Ya so ya karɓi wannan, domin magana ce mai daɗi kuma da ƙauna aka yi ta. Amma ya juya wajen mai ɗakinsa, wadda ta dawo da ɗinkinta falo, ya tambaye ta ko gaskiya ne. Ta cire zare daga bakinta.

"Ana ji kaɗan," ta ce.

Ya yi mata godiya, kuma har cikin ransa ya yi ta.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe. Za a tashi daga ƙofar gida zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tashar mota, inda za a raba jan ƙarfenta da baƙin, kowanne ya tafi inda zai yi amfani. Dogo da sauran huɗun sun nemi alfarmar ɗaukarta, an ba su. Ba a bukatar kowa ya zo da kayan aiki, kuma duk wanda ya zo da shawarar cewa a canja mata kwamfiresa a gwada, za a ba shi ruwa ya sha a raka shi ƙofa.

Ana kuma sanar da masu hulɗa da shagon cewa daga ranar Litinin, duk na'urar da aka kawo babbar 'yar ce za ta duba ta, ita ce za ta faɗi ko ta gyara ce ko ta haƙuri ce, kuma maganarta ce ta ƙarshe. Ba sai an jira tsakar rana ba, a zo a kowane lokaci. Maigidan yana nan a bencin baya yana walda da wankin na'urori, domin hannunsa da sauransa, ban da safiyar Talata da zai je asibiti a duba shi.

Za a karɓi gaisuwa a falo bayan an dawo daga rakiya, akwai sanyi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zauna ta hagun maigidan, inda kunnensa ke da ɗan saura, su fuskance shi, su yi magana ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi masa magana bai ji ba, zai ce bai ji ba. A yi haƙuri a maimaita masa.